Shekarar da Yaya Ya Dawo daga Jidda

Yayana ya yi kusan rabin rayuwarsa a Jidda yana auna wa mutane ido. A gidanmu na Gwarzo likita ake ce masa, duk da ya sha gaya mana cewa shi ba ya yin tiyata. Aikinsa shi ne ya duba ido, ya gano abin da ke damunsa, ya rubuta tabarau, ko ya tura mutum wurin manyan likitoci idan abin ya fi ƙarfinsa. Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa karɓar wannan bayani ba. A wurinta duk wanda ya sa farar riga ya leƙa idon mutum likita ne, kuma haka ta gaya wa duk unguwa.

Ina makarantar sakandare ya tafi. Ya fara aiki a wani asibiti a Kano, daga nan aka ɗauke shi zuwa can, wani ƙaramin wurin gwajin ido da ke haɗe da shagon tabarau. Yana can mahaifinmu ya rasu. Yana can aka yi aurena, na tare a Masanawa, na fara koyarwa a firamare a Kabo. Yakan zo hutu jifa-jifa, ya yi 'yan makonni, gidan ya cika da ƙamshin turare da masu zuwa gaisuwa, sannan ya koma. Mun saba da shi a matsayin murya a waya da kuma baƙon da ake yi wa yanka.

A can ya yi aure. Matarsa Bahaushiya ce, amma a Jidda aka haife ta. Iyayenta mutanen wajen Katsina ne da suka je aikin hajji tun suna matasa, suka zauna, suka haifi 'ya'yansu, ba tare da sun zama 'yan ƙasa ba. Ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Bayan aurensu sai izinin zamanta ya koma ƙarƙashin igamar Yaya, wato katin zaman da ke ɗauke da sunan mutum da sana'arsa. Sun haifi 'ya'ya uku, mata biyu da namiji. Mu dai a hoto da waya muka san su.

Wata rana da yamma, na dawo daga makaranta ina tsince shinkafa a tsakar gida, sai ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara, ya tambayi ruwa, ya tambayi Inna. Sai ya yi shiru. Na san shi da yawan magana a waya, don haka na ajiye farantin.

Na ce, "Yaya, lafiya dai ko?"

Ya ce, "Lafiya lau. Wata doka ce aka fito da ita a nan, ina so ki sani kafin Inna ta ji a bakin wani."

Ya yi mini bayani a hankali. Hukuma ta ware wasu sana'o'i ta ce na 'yan ƙasa ne. An fara da masu tsayawa a kanti suna sayar da tabarau, aka sallami baƙin cikinsu. Yanzu abin ya hawo kan masu gwaji irinsa. Manyan asibitoci za su iya riƙe baƙo ɗaya ko biyu idan sun cika wurin da 'yan ƙasa, amma a wuri irin nasu, inda mai gwaji ɗaya ne tak, babu yadda za a yi baƙo ya zauna a kujerar. Idan igamarsa ta ƙare ba za a sabunta ta a kan wannan sana'a ba.

Na ce, "Wani laifi aka ce kun yi?"

Ya ce, "Babu laifin kowa. Yaransu ne suka yi karatu suka fito, suna neman aiki."

Na tambaye shi ko ba zai nemi wani asibitin ba. Ya ce ya nema, ya je wurare da dama, kowa na ƙoƙarin rage baƙin da ke hannunsa ne. Ya roƙe ni in je Gwarzo in gaya wa Inna da bakina.

Ranar Juma'a na je. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na yi ta zagaye ina neman inda zan fara, don ina tsoron kada hankalinta ya tashi. Da na gama sai ta ci gaba da ɓararta, ta ce, "To ai sai ya dawo gida. Dama can aro aka ba su." Daga nan ta shiga lissafa ɗakunan da za a gyara, da wanda rufinsa ke yoyo. Na fahimci cewa abin da muke gani a matsayin musiba, ita addu'arta ce ta shekaru aka amsa.

Amma bai dawo nan da nan ba. Watanni suka shuɗe yana cewa ana kan magana. Sai daga baya ya gaya mini abin da ya riƙe shi. Maigidan wurin, wani dattijo da suka daɗe tare, ya kawo masa shawara. Za a canza sana'ar da ke kan igamarsa a mayar da ita direban gida. Za a ɗauki wata yarinya 'yar ƙasa da ta gama karatun gwajin ido a sa ta a kujera. Shi kuma zai ci gaba da aikinsa a ɗakin ciki, ya duba masu wuyar, ita ta sa hannu. Wasu abokan aikinsa daga wasu ƙasashe sun karɓi irin wannan tsari suna zaune.

Matarsa ta so ya karɓa. Ba don son abin duniya ba. Mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta tsufa tana zaune wurin ɗanta, wan matar Yaya, tafiyar mota kaɗan daga gidansu. Kusan kullum sai ta je ta gan ta. Makarantar yara na can, ƙawayenta na can, kabarin mahaifinta na can. Yaya ya ce mini sun yi kwanaki ba sa magana sai abin da ya zama dole. Shi ma ransa ya karkata ga shawarar, har ya taɓa ce wa maigidan ya ba shi lokaci ya shirya takardu.

Yarinyar da aka ɗauka ta fara zuwa aiki, aka ce ya koya mata na'urorin wurin. Ya ce yarinya ce mai natsuwa, mai yawan tambaya, tana kiransa malam da harshensu. Wata rana aka kawo wani yaro da idonsa ɗaya ya karkace, ta duba, ta faɗi abin da ta gani, kuma daidai ta faɗa. Ta juyo tana kallon Yaya tana jiran ya tabbatar mata. A nan ne, in ji shi, ya ga yadda zaman zai kasance. Ita za ta zauna a gaba da iliminta tana jiran amincewar wanda aka ɓoye, shi kuma zai zauna a baya da sunan direba yana sauraron takun masu bincike. Idan ya yi kuskure a idon wani, sunanta ne a kan takardar. Idan aka kama su, za a rufe wa dattijon wurinsa, shi kuma a fitar da shi da iyalinsa a hana shi sake shiga ƙasar, ko da umara ce.

Ya je ya gaya wa maigidan ba zai iya ba. Ya zauna har yarinyar ta iya komai na wurin, sannan ya fara haɗa kaya.

Da damina suka sauka. Ni da maigidana muka ɗauki mota muka tarbo su a filin jirgi na Kano. Yaya ya rame, furfura ta cika masa gemu. Matarsa, wadda nake kira Anti tun a waya, ta fito cikin baƙar abaya, ta rungume ni, ta gaishe ni da wata irin Hausa ta tsofaffi mai gauraye da Larabci. Idanunta sun kumbura. A hanya, da muka bar gari muka shiga gonaki, dawa da masara sun kai kafaɗa, ko'ina kore shar. Ta jingina kanta da gilashin mota tana kallo. Da muka zo daidai Kabo na nuna mata makarantarmu, ta gyaɗa kai. Can sai ta tambaye ni, "Duk wannan shukar, ruwan sama ne kaɗai ke shayar da ita?" Na ce eh. Ta ci gaba da kallon gonakin har muka isa.

An cika gidan maƙil. Inna na zaune a kan tabarma a rumfa, ta sa sabon zani. Yaya ya durƙusa a gabanta ta gefen hagu ya yi sallama. Ta amsa, amma sai ta juya kanta gaba ɗaya kafin ta same shi, ta miƙa hannu za ta dafa kansa, hannun ya sauka a iska kusa da kunnensa. Mu ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Shi kuwa na ga fuskarsa ta canza. Ya kamo hannun ya ɗora a kansa, ya bari ta gama sa masa albarka.

Yaran suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ce mata Jadda, wato kaka da Larabci. Inna ta ce, "Ku daina kiran garin nan, kun riga kun baro shi." Aka yi dariya, aka yi mata bayani. Ita ce dariyar da na tuna an yi a ranar.

Washegari da safe Yaya ya buɗe ɗaya daga cikin akwatunansa ya fito da kayan aiki. Ya zaunar da Inna a kan kujera a ɗakinta, ya sa na rufe taga. Ya haska mata ido, ya sa mata wata ƙaramar na'ura, ya riƙa motsa yatsunsa ta gefe yana tambayarta ko tana gani. Ta dama tana gani kaɗan. Ta hagu sai yatsun sun zo gaban hancinta.

Ya ce, "Inna, maganin ɗigawar da na bar miki wancan zuwan, kina sa shi?"

Ta ce, "Na sa har ya ƙare."

"Da ya ƙare fa?"

"Ai ba ciwo idon ke yi mini ba, don me zan sa a yi ta wahalar nema? Tsufa ne kawai."

Ya fita ya tsaya a bayan ɗaki wajen rijiya, na bi shi. Ya ce hawan jinin ido ne, ciwon da ke cin jijiyar gani daga gefe a hankali ba tare da zafi ba. A zuwansa na ƙarshe ya ga alamarsa, ya bar magani, ya ce a ci gaba da saye. Duk lokacin da ya tambaye ta a waya sai ta ce tana sawa. Abin da ya tafi ba ya dawowa, in ji shi, sai dai a yi ƙoƙarin tsare ɗan abin da ya rage. Ya kalli bakin rijiyar, ya ce, "Mutanen da na tsare wa ido a can ba su ƙirguwa. Da wata uku na yi a gidan nan a jere, da na gane ba ta sawa." Cikin makon ya kai ta Kano wurin manyan likitoci, suka faɗi abin da ya faɗa.

A kwanakin farko zauren gidan bai rabu da masu zuwa sannu da zuwa ba. Wata rana na kawo musu ruwa sai na tarar da Baba Ƙarami, ƙanin mahaifinmu, yana faɗa. Yana cewa bai taɓa jin inda ƙasar Musulmi ta kori Musulmi ɗan'uwanta daga neman halal ba, bayan ya ba su ƙuruciyarsa. Mutane na ta gyaɗa kai. Yaya ya bari ya gama.

Ya ce, "Baba, ni ma na ji zafi, har yanzu ina ji. Amma ba korata aka yi ba, wa'adi ne ya cika. Da a ce asibitin garin nan baƙi ne suka cika shi, 'ya'yanku kuma sun gama karatu suna zaune a gida, me za ku ce wa hukuma?"

Baba Ƙarami ya ce, "To amma ai ba a yi maka adalci ba."

Yaya ya ce, "Ni aka yi mini abin da na san zai iya faruwa tun ranar da na sauka. Wanda ban san yadda zan kira shi ba shi ne na iyalina. Ita a can aka haife ta, ba ta san wata ƙasa ba. Dokar ba ta ambaci sunanta ba, amma ita ta fi kowa biya."

Na ajiye ruwan na koma ciki.

Neman aiki a gida bai zo masa da sauƙi ba. Sai da ya yi ta zirga-zirga zuwa Kano kafin a sabunta masa lasisin aiki na nan. Ya je asibitoci, ana karɓarsa da girmamawa, a ba shi kujera, a ce babu gurbi, ko a ce shekarunsa sun wuce na sabon ɗauka. Daga ƙarshe ya kama ɗaki guda kusa da kasuwar Gwarzo, ya sa sola, ya jera kayansa. A ranakun kasuwa yakan ɗaura akwatin gwaji a bayan babur ya tafi Kabo, ko Kutama, ko ƙauyukan Kara. Mutumin da ya saba aiki cikin sanyin na'ura sai ga shi a ƙarƙashin rumfar kara, yana manna allon gwaji a jikin bangon masallaci. Mafi yawan masu zuwa ba sa zuwa sai gani ya kusa tafiya. Duk wanda ya haura shekara arba'in, ko rakiya ya yo, sai Yaya ya roƙe shi ya zauna a auna masa ido. Wasu na yarda, wasu na cewa su lafiyarsu ƙalau. Ya kuma karɓi gonar mahaifinmu da ke Kutama, ya koyi abin da ya manta tun yana yaro.

Yaran sun sha wuya a makaranta saboda Turanci, amma yara ne, kafin kaka ta biyu sun iya Hausar unguwa har da zaginta. Anti ce ta kasa sabawa. Ba ta iya hura itace ba, ruwan rijiya na ɓata mata ciki, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita sau da yawa a daminar farko. Matan unguwa suka sa mata suna Balarabiya. Ba da mugunta suke faɗa ba, amma idan ta yi magana sai su kalli juna su yi murmushi, don haka ta rage fita. Tsakaninta da Yaya kuma akwai wani sanyi da kowa ke gani. Tana yi masa duk abin da ya kamata, amma ba ta kallon fuskarsa.

Wani hutun makaranta na je na kwana biyu a gida. Muna wanke-wanke da hantsi sai Anti ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Kin san abin da ake ce mana a can? Takari. Tun ina yarinya na san ni ba 'yar ƙasa ba ce. Kullum ana ce mana ƙasarku Nijeriya. To ga ni na zo ƙasar tawa, an ce mini Balarabiya."

Na ce, "Anti, kina jin haushin Yaya?"

Ta ci gaba da cuɗa tukunya. Ta ce, "Na san gaskiyarsa. Da ya karɓa da kullum cikin tsoro za mu kwana. Amma da ina ganin Ummi." Haka take kiran mahaifiyarta. "Ranar da za mu taho ta riƙe mini hannu ta ce in gaishe mata da ƙasa. Ita ta san inda zan je, ni ban sani ba."

Abin da ya fara jawo ta cikinmu shi ne idon Inna. Maganin na buƙatar a ɗiga shi safe da yamma ba fashi, Yaya kuma na kasuwanni. Anti ta ɗauki aikin ba tare da an sa ta ba. Takan zauna a bakin gado, ta ɗora kan Inna a cinyarta, ta ɗiga, ta danne gefen idon da yatsa kamar yadda mijinta ya nuna mata, su yi ta hira kafin maganin ya zauna. Inna na tambayarta labarin Ka'aba da Madina, don ba ta taɓa zuwa ba. Ita kuma tana tambayar Inna sunayen ganyayen miya da yadda ake gane gero ya nuna. Anti ce ta kwashe turmi da kujeru daga hanyar da Inna ke bi zuwa bayan gida, ta hana yara barin takalma a ƙofar ɗaki. Wata rana na ji Inna na tsawata wa wata maƙwabciya da ta ce ina Balarabiya. Ta ce, "Matar ɗana ce, tana da suna."

Yaya ya yi wa Anti alkawarin cewa idan aka girbe amfanin gona aka sayar, zai nema mata bizar umara ta je ta ga mahaifiyarta. Shekarar farko abin bai yiwu ba. A ta biyu damina ta yi kyau, aka fara shiri, har ta ɗinka wa tsohuwar atamfa, ta sa an daka mata kuka da daddawa, don tsohuwar ta ce ta daɗe tana marmarin na gida.

Ana cikin yankan dawa, wata Talata da azahar, Yaya ya kira ni ina ofishin shugaban makaranta. Ya ce mahaifiyar Anti ta rasu da safe, za a yi mata salla bayan la'asar a can. Ya ce in taho.

Na tarar da ita a ɗakin Inna, zaune a ƙasa, wayar na hannunta. Wanta ya kira ta lokacin da ake fita da gawar, ta ji muryoyin mutane, sannan layin ya yanke. Ba ta kuka da ƙarfi, hawaye ne kawai ke zuba. Yaya na tsaye a bakin ƙofa ya kasa shiga. Da ta ɗago ta gan shi, na ji tsoron abin da za ta faɗa. Sai ta ce, "Ka shigo ka yi mata addu'a, ai tana sonka." Ya shigo ya durƙusa, ya ɗaga hannu.

Ni a zatona za a yi abin a tsakaninmu, tunda babu wanda ya san marigayiyar a garin. Inna ce ta ce a'a. Ta sa aka share tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi, aka shimfiɗa wasu a ƙofar gida don maza. Ta aika aka gaya wa liman, aka sanar a masallaci bayan sallar la'asar cewa surukar gidanmu ta rasu a Jidda. Sannan ta ce a kama mata hannu a kai ta rumfa, ta zauna, ta sa Anti a gefenta na dama inda take ɗan gani.

Kafin magariba mata suka fara shigowa. Washegari abin ya ƙaru. Matan unguwa, dangin mahaifinmu daga Kutama, dangin maigidana daga Masanawa, malaman makarantarmu daga Kabo, har da wasu matan rugar da ke bayan gari waɗanda Yaya ya taɓa duba wa tsohonsu ido, sun zo da ƙwaryar nono. Kowace ta durƙusa gaban Anti ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Babu wadda ta taɓa ganin fuskar matar da suke yi wa addu'a. Wata tsohuwa ta tambayi asalin garin marigayiyar, Anti ta faɗi sunan ƙauyen kamar yadda ta ji shi a bakin iyayenta. Tsohuwar ta ce ta san shi, kakarta ta wajen uwa 'yar can ce, akwai wata babbar tsamiya a bakin kasuwarsu. Anti ta kama hannunta ta ce mahaifiyarta ta sha ba ta labarin tsamiyar nan. A nan ne ta yi kuka sosai, tsohuwar ta jawo ta jikinta.

Maƙwabta suka yi ta aiko da abinci har aka rasa inda za a ajiye. Yaya ya rufe ɗakin gwajinsa ya zauna a ƙofar gida tare da Baba Ƙarami suna karɓar gaisuwar maza har aka yi addu'ar uku aka tashi.

Bayan an watse, na tsaya na taya Anti naɗe tabarmi. Ta ɗauko atamfar da ta ɗinka wa mahaifiyarta ta kai wa Inna, ta ce ta sa. Inna ta shafa ta da hannu ta tambayi launinta, aka gaya mata shuɗi ne da fari.

Anti ba ta je umarar a shekarar ba. Ta ce ba ta shirya ganin gidan babu tsohuwar ba, a bari sai gaba. Bayan 'yan watanni matan unguwa suka roƙe ta ta riƙa yi musu ƙarin karatun Alƙur'ani, tunda harshenta ya fi na kowa daidai. Ta fara da mata kaɗan a rumfar Inna bayan la'asar. Yanzu rumfar ba ta ɗaukarsu, sai an shimfiɗa tabarma har bakin rijiya. Idon Inna na hagu ya rufe gaba ɗaya a bara, na dama kuwa yana nan da ɗan haskensa. Tana zama a cikin masu karatun, ba ta ganin rubutu, tana bi da baki.